Ma'aikacin da Kusada take buƙata: wanda zai zauna a bencin masu jira

A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan lafiya a mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Kusada, daga Mawashi da Kaikai har zuwa Dudunni da Yashe, sukan zauna da manyan rajistocinsu su tattara lissafi. Mata nawa suka zo awon ciki, yara nawa aka yi wa rigakafi, mutum nawa aka gwada aka samu da zazzaɓin cizon sauro. Takardun su tafi sakatariya, a shigar da su kwamfuta, su wuce Katsina, daga can su isa Abuja. Aiki ne mai wahala, kuma mai amfani, domin da shi ake sanin inda cuta ta ɓulla da inda magani ya ƙare.

Sai dai akwai abin da rajista ba ta iya ɗauka. Tana iya nuna cewa matan da suka zo awon farko sun fi waɗanda suka kai zuwa na huɗu yawa, kamar yadda aka saba gani a faɗin Arewa. Dalilin da ya sa mace ta zo sau ɗaya ta ɗauke ƙafa kuwa, babu gurbinsa a takardar. Ko nisa ne, ko kuɗin acaɓa, ko an yi mata tsawa a gaban mutane, ko ta wuni a benci aka ce ta dawo gobe, ko kuwa ranar awon ta faɗo daidai da ranar kasuwar da maigidanta yake tafiya da babur ɗin gidan, duk waɗannan suna komawa gida tare da ita. A tsarin aikin gwamnati kamar yadda yake a yau, babu ma'aikaci ɗaya da aka ɗora wa nauyin bin sawunta ya ji.

A wasu ƙasashen akwai mai wannan aiki, kuma sana'a ce mai suna da matakan ƙarin girma. A Birtaniya, bayan an kafa hukumar GDS a 2011 domin gyara yadda gwamnati take hidima ga jama'a ta intanet, an mayar da fahimtar masu amfani da hidima da buƙatunsu sharaɗi na farko da kowace sabuwar hidima za ta cika kafin a buɗe ta. Masu binciken buƙatun jama'a a can suna da matakai shida, daga mai koyo har zuwa shugaban sashe. Na tsakiyar shi ne ginshiƙin aikin. Shi ake sa ran zai tsara bincike da kansa, ya zaɓi hanyar da ta dace, ya fita ya gana da mutane, ya tace abin da ya samo, sa'an nan ya jawo abokan aikinsa su gani da idonsu har a canza wani abu. Wani misali da aka sha bayarwa shi ne na takardar neman alawus ɗin masu jinyar 'yan uwansu a gida, wadda aka zubar da kusan rabin tambayoyinta bayan an zauna an kalli yadda mutane suke fama da cike ta.

Mai karatu zai iya cewa ina Landan ina Kusada. Gaskiya ne, can ana maganar shafin intanet ne, nan kuwa ana maganar taga da kati da layi. Amma tambayar ɗaya ce: shin wanda aka yi abin dominsa yana iya amfani da shi? Kuma buƙatar ta fi tsanani a inda kuɗi ya yi ƙaranci, domin wanda yake da kwano ɗaya na iri ba ya shuka a kan fako.

Najeriya ba ta rasa yunƙuri a wannan fanni ba. Gyaran aikin gwamnati na 1988, a zamanin Janar Babangida, ya wajabta wa ma'aikatu su kasance da sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga, kuma har yau sassan suna nan a Abuja da jihohi. A watan Maris na 2004 gwamnatin Obasanjo ta kafa SERVICOM, da alƙawarin cewa ɗan ƙasa yana da haƙƙin a yi masa hidima yadda ya kamata. Abin da ya faru shi ne, a cikin kalmomi ukun nan na sunan sashen, ƙididdiga ta cinye bincike. Jami'in ya zama mai tattara alƙaluma domin rahoton wata uku-uku da bukatun masu ba da tallafi. Tsarin karɓar koke kuma ya dogara ne da mutumin da ya iya rubutu, ya san haƙƙinsa, kuma bai ɗauki kai ƙarar ma'aikaci a matsayin rashin kunya ba. Akwatin ƙorafi da aka rataye a barandar asibitin ƙauye yana jiran irin mutumin da ba shi ne yake zama a barandar ba.

Arewa ta riga ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. A 2003 wasu jihohi, Kano a kan gaba, suka dakatar da rigakafin shan-inna, kuma Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004. Ko bayan an koma, gidaje da yawa sun ci gaba da rufe ƙofa. Amsar da ta fi sauƙi a ofis ita ce jahilci, maganinta kuma ƙarin sanarwa a rediyo. Masu binciken da suka shiga gidaje suka zauna, irin su Elisha Renne da ta daɗe tana aiki a Zariya, da Maryam Yahya, sun ji wata magana dabam. Iyaye suna tambaya ne: me ya sa ake bin su har ɗaka da ɗigon wata cuta kyauta, alhali ƙyanda da zazzaɓi suna kashe musu yara, in sun je asibiti kuma a rubuta musu takarda su je su saya? Ga kuma tabon gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996, wanda bai goge ba. Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma sai da tsarin ya saurare ta kafin ya ci gaba. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan da iyaye suke so, daga baya aka ɗauki matan unguwa da aka sani su riƙa shiga gidaje, aka kuma kafa sansanonin duba marasa lafiya a lokacin zagayen. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Shekarun da aka ɓata a tsakani, da yaran da suka shanye a cikinsu, su ne farashin rashin wanda zai yi tambaya tun da wuri.

To, wane irin mutum ne zai iya wannan aiki a wuri kamar Kusada?

Abu na farko, kuma mafi wuya, shi ne iya hira. Ba iya Hausa kawai ba, domin duk wanda ya tashi a Kankiya ya iya Hausa. Ana nufin sanin cewa amsar farko a ƙasar Hausa gaisuwa ce. A tambayi dattijuwa yadda aka karɓe ta a asibiti, za ta ce lafiya lau, an gode Allah, sun yi ƙoƙari. Wanda bai san aiki ba sai ya rubuta cewa ta gamsu, ya wuce gida na gaba. Ƙwararre ba ya tambayar ra'ayi tun farko. Yakan ce a ba shi labarin zuwan ƙarshe: da wane lokaci aka fito, wa ya kawo ta, me ta tarar a bakin ƙofa, wa ta fara yi wa magana, me ta ci da rana. A cikin labarin ne za a ji cewa ta isa da hantsi, ba a kira ta ba sai bayan azahar, kuma maganin da aka rubuta sai da jikanta ya hau mota zuwa Kankiya ya sayo. Ba ta yi ƙarya da ta ce lafiya lau ba. Ta yi abin da tarbiyya ta koya mata, nauyin tono sauran kuma yana kan mai tambaya.

Irin wannan sani yana da rassa da yawa da ba a koyar da su a aji. Mace tana iya tsallake ɗan fari in an ce ta lissafa 'ya'yanta, saboda kunya, wata ma ba ta son a ƙidaya yara gaba ɗaya. Shekarun haihuwa sau da yawa ana auna su ne da wani abin da ya faru, shekarar wata yunwa ko rasuwar wani sarki. Gidan da aka rubuta «ba shiga» a ƙofarsa, namiji ba zai wuce zaure ba, abin da zai samu a zauren kuwa shi ne ra'ayin maigida game da abin da matansa suke ji, wanda ba lallai ya zama abin da suke ji ba. Saboda haka duk wani shiri na wannan aiki da babu mace ƙwararriya a cikinsa, ya bar rabin jama'a a bayan katanga tun kafin ya fara. Sa'an nan akwai matsalar littafi da biro. Shekaru na rajistar tallafi sun koya wa mutane cewa baƙon da ya zo yana rubuta suna, wata ila kuɗi na biye da shi. Da zarar an ga takarda, mai akuya biyar sai ya zama ba shi da ko kaza. Mai bincike na gari yana faɗa tun a bakin ƙofa cewa babu abin da zai raba, yana maimaitawa, kuma yana karanta amsoshin da ya samu da sanin cewa wasu ba su yarda da shi ba.

Bayan kunne sai ido. Gani ya kori ji, kuma abin da mutane suke yi ya sha bamban da abin da suke cewa suna yi, ba don yaudara ba, sai don ɗan Adam ba ya lura da abin da ya saba da shi. Wuni guda a bencin masu jira, ba tare da an gabatar da mutum a matsayin babban baƙo daga sakatariya ba, yana koyar da abin da takardar tambayoyi ɗari ba za ta koyar ba. Wa yake shiga gaba, kuma ta wace hanya? Mutum nawa suka juya suka tafi kafin a kira su? Allon da aka rubuta bayani a kansa da Turanci, wa ya tsaya ya karanta? Haka kuma bin mutum ɗaya tun daga ƙofar gidansa a Bauranya har zuwa babban asibitin Kankiya da dawowa, ana rubuta kowace naira da kowace sa'a, shi yake nuna ainihin tsadar hidimar da aka ce kyauta ce.

A nan ne bambancin matsakaicin jami'i da ƙarami yake fitowa. Ƙaramin ma'aikaci ana ba shi tambayoyi ya je ya yi. Na tsakiya shi ne mai yanke shawarar wace hanya ta dace da wace tambaya. In ana son sanin ko sabon katin awo yana da sauƙin fahimta, ba a buƙatar mutum dubu. Tun a shekarar 2000 masanin nan Jakob Nielsen ya yi bayanin cewa gwaji da mutum biyar yana fito da mafi yawan wuraren da ake tuntuɓe, a gyara, a sake gwadawa da wasu biyar. In kuwa ana son sanin kashi nawa na matan ƙaramar hukuma ne suke haihuwa a gida, hira da mata biyar ba ta ba da wannan amsa, kuma jami'in da ya tashi a taro ya ce yawancin mata sun ce kaza alhali da goma ya yi magana, ya ci amanar sana'arsa. Sanin iyakar abin da ke hannunsa, da faɗin ta a fili ko da za ta rage wa rahoton armashi, yana cikin alamun cewa mutum ya kai wannan mataki. Haka nan zaɓen waɗanda za a tattauna da su. Mafi sauƙi shi ne a roƙi mai unguwa ya tara mutane, shi kuwa zai tara waɗanda suka iya magana, masu kusanci da shi. Bazawara, da gurgu, da matar makiyayi a ruga, da wanda ya yi fushi ya daina zuwa asibitin gaba ɗaya, sai an tashi takanas an neme su, kuma su ne suka fi sanin inda tsarin yake yoyo.

Wani fannin da ba a tsammani shi ne fahimtar yadda fasaha take haɗuwa da rayuwa. Tun daga watan Disambar 2020 da aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar NIN, hidimomi da yawa sun rataya a kan waya da lambar shaida. Wanda ya tsara su a Abuja ya ɗauka kowane mutum yana da suna ɗaya mai rubutu ɗaya, da ranar haihuwa, da wayarsa ta kansa. A Kusada mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mamman a bakin jama'a, Mohammed a banki, sunansa na biyu kuma wani wuri sunan mahaifi, wani wuri sunan gari. Kwamfuta ba ta san duk shi ne ba. Lambar sirrin da aka aika domin tabbatar da wata mata tana iya sauka a wayar mijinta, shi kuwa yana Legas cin rani. Babu injiniyan da zai ga wannan daga kan teburinsa. Ba a neman mai binciken ya iya rubuta manhaja, amma dole ya fahimci yadda take aiki daidai gwargwado, yadda zai iya gaya wa mai rubuta ta takamaiman wurin da mutane suke maƙalewa.

Tattaro labari rabin aiki ne. Wanda ya dawo da hira talatin yana da tarin magana, kuma jarabar da ke gabansa ita ce ya tsinci wadda ta dace da abin da ya riga ya yi imani da shi, ko wadda ta fi sa hawaye. Tacewa tana buƙatar a raba abin da aka gani da fassarar da aka yi masa, a nemi abin da ya maimaitu a bakuna dabam-dabam, a kuma ajiye labarin da ya saɓa wa sauran a fili maimakon a binne shi. Daga nan sai a mayar da shi abin da za a iya aikatawa. Cewa mata ba sa jin daɗin zuwa awo bai ba kowa aikin yi ba. Cewa ranar awo a wani asibiti ta yi karo da ranar kasuwa, kuma a mayar da ita washegari a ga ko adadin zai motsa cikin wata uku, wannan magana ce da shugaban sashen lafiya zai iya sa wa hannu kafin ya tashi daga kujera.

Kuma ko rahoto ya yi kyau, durowa tana jiransa. Shi ya sa a Birtaniya suka ɗauki al'adar cewa kowane ɗan tawagar da ke gina hidima, har da manya, ya riƙa zama yana kallon bincike aƙalla sa'a biyu a kowane mako shida. Daraktan da ya karanta cewa ana daɗewa a layi zai gyaɗa kai ya buɗe shafi na gaba. Wanda aka lallaɓa ya zauna a benci sa'a biyu, ba tare da rakiya ba, yana kallon mai tsohon ciki tana neman inuwa, ba ya buƙatar a sake yi masa bayani. Lallaɓar nan fasaha ce mai zaman kanta a tsarin da ƙarami ba ya gaya wa babba cewa shirinsa bai yi aiki ba. Tana buƙatar ladabi da sanin lokacin magana, da kuma taurin rai na ƙin sauya sakamako in an nuna ba a so shi. Wannan ne ma dalilin da ya sa aikin ya fi dacewa da mai matsakaicin matsayi, kamar daga mataki na 10 zuwa na 13. Sabon ɗauka a mataki na 8 ba shi da bakin da za a saurara. Darakta kuma taruka sun riga sun cinye shi, in ma ya je ƙauye to an share fili an jera kujeru kafin ya iso.

Nauyin da ya fi kowanne girma shi ne amana. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta shimfiɗa ƙa'idoji a kan neman izini da adana bayanai, amma a ƙaramin gari doka ba ta isa ba sai an haɗa da hankali. Cire suna daga rahoto ba ya ɓoye kowa in an rubuta cewa wata ungozoma mai shekara sittin a ƙauye kaza ta ce kaza, domin ungozomar ɗaya ce kuma kowa ya san ta. Neman izini ma ba dangwala yatsa a takardar da mutum bai iya karantawa ba ne. Sai an yi bayani da baki, an tabbatar ya gane cewa yana iya ƙi, kuma ƙin ba zai hana a duba ɗansa gobe ba. Amanar ta shafi ma'aikata su ma. Jami'ar lafiya ɗaya da ke riƙe da asibitin sha-ka-tafi, ita ce mai ba da kati, ita ce mai allura, ita ce mai karɓar haihuwa da dare, in ta yi tsawa da rana akwai dalili. Ranar da aka yi amfani da binciken aka ba wata takardar tuhuma, daga ranar kowace ƙofa ta rufe, kuma mai binciken ya koma ɗan leƙen asiri a idon abokan aikinsa. Aikinsa gano inda tsari ya karkace ne, farautar mai laifi tana da nata ofishin.

Yana kuma da alhakin na ƙasa da shi. Duk wanda ya taɓa aikin ƙidaya ya san labarin takardun da ake cikewa a gindin bishiya, mutum ɗaya ya amsa wa gida arba'in. Ba kullum lalaci ne yake kawo haka ba, wani lokaci an ba yaro gida hamsin a wuni ɗaya ba tare da kuɗin mai ba. Jagora na gari yana rage adadin, yana fita tare da su, yana sauraron yadda suke tambaya, yana gyara musu a keɓe.

Akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wasu za su ce ai akwai hakimi da dagatai da masu unguwanni, su ne kunnen gwamnati tun kafin zuwan Bature. Haka ne, kuma babu mai binciken da zai shiga gari bai fara gaishe su ba, sai in yana son aikinsa ya mutu a ranar farko. Sun san ƙasarsu ƙwarai. Amma maganar da take isa zauren dagaci ta riga ta bi ta bakin magidanta, an tace ta da kunya da lissafin zaman tare. Abin da amarya 'yar shekara goma sha bakwai ta ji a ɗakin awo ba ya bin wannan hanya.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa matsalar a bayyane take: babu magani, babu ma'aikata, babu wuta, me za a bincika? Akwai gaskiya a nan da bai kamata a kauce mata ba. Bincike ba ya sayen magani. Kuma yawan tambayar mutane damuwarsu ba tare da sun ga canji ba wani nau'in wulaƙanci ne, ƙauyuka da yawa sun gaji da baƙi masu rigar ƙungiya da suke zuwa su yi rubutu su tafi. In hukuma ba ta da niyyar canza komai, gara ta bar mutane su huta. Sai dai ba duk cikas ne yake buƙatar kuɗi ba. Lokacin buɗewa, tsarin layi, harshen da aka yi allo da shi, labule tsakanin mai awo da masu jira, tambayoyi goma da za a iya cirewa daga fom, waɗannan kusan kyauta ne. Inda kuma ake buƙatar kuɗin, ƙarancinsa ne ya sa ya wajaba a san abin da za a fara da shi. Arewa cike take da gine-ginen da aka ƙaddamar da kiɗa da jawabi, yau awaki ne suke kwana a cikinsu, domin ba a tambayi kowa ba kafin a zaɓi wurin.

Lokacin yin wannan magana ya yi ne saboda kuɗi da iko suna matsowa ƙasa, aƙalla a takarda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ake tura wa ƙananan asibitoci kuɗi kai tsaye. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu ba tare da ya bi ta hannun jihohi ba, ko da yake aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa kuma ta kafa shirin raya al'umma da ya sauka har mazaɓu 361 na jihar. Taron jin ra'ayin jama'a a mazaɓa abu ne mai kyau, amma taro yana jin muryar wanda ya iya tsayawa a gaban mutane ne, kuma yakan ƙare da jerin buƙatu: rijiya, hanya, aji biyu. Yadda rijiyar da aka riga aka haƙa take aiki, da dalilin da ya sa matan wata unguwa suke wuce ta su tafi rafi, sai mai zama ya kalla.

Ba sai an jira sabon gurbi a tsarin aikin gwamnati ba, abin da kan ɗauki shekaru. Ƙaramar hukuma kamar Kusada ko Kankiya tana iya zaɓar mutum biyu daga ma'aikatan da take biya yanzu, ɗaya lallai mace, daga sashen lafiya ko na walwalar jama'a, a sauke musu wasu ayyukan. Masu horar da su ba su yi nisa ba: ga makarantar koyon aikin lafiya a Kankiya, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, inda ake koyar da nazarin zamantakewa. Abin da za su buƙata bai wuce babur da mai da na'urar ɗaukar murya ba, sai alƙawarin cewa ba za a yi musu canjin wurin aiki ba kafin shekara biyu, da kuma damar shiga ofishin shugaban sashe ba tare da ɗan rakiya ba. A ba su hidima ɗaya tak su fara da ita, awon ciki alal misali. Rahotonsu kada ya wuce shafi biyu, a rubuta shi da Hausa, a kuma koma a karanta shi ga waɗanda suka ba da labarin, su ce an faɗa daidai ko an yi kuskure.

Lokacin fita ma yana da muhimmanci. Da damina kowa yana gona, hanyoyin wasu ƙauyukan kuma ba sa biyuwa. Da kaka hankali yana kan girbi da kasuwa. Watannin rani, daga Janairu zuwa Afrilu, su ne mata suka fi samun sukunin zama a yi hira mai tsawo, sai dai a kauce wa azumi in ya faɗo a ciki, a kuma tuna cewa magidanta da yawa sun tafi cin rani, don haka nasu bayanin sai an neme shi dabam bayan sun dawo shirin shuka. In an bi wannan jadawali, sakamakon zai kasance a kan tebur kafin tsakiyar shekara, wato kafin a fara rubuta kasafin kuɗin baɗi.